Ranar da albashi ya tsaya, katin asibiti ma ya yi ritaya

A ƙasarmu ta Mariga, daga Kumbashi har Bangi da Gulbin Boka, idan ma'aikaci ya hango ritaya lissafinsa ba ya wuce abu uku. Ya rufa ɗakunan da ya ɗora wa bulo tun shekarun baya, ya ƙara gona da shanun huɗa, in kuma giratuti ya fito da auki ya biya kujerar Makka. Duk ukun abin so ne, ni ma suna raina, domin malamin firamare ne ni da ya kusa ajiye alli. Sai dai na zauna da magabatana da suka riga ni barin aiki, na ga akwai na huɗu da ba ma sa shi a lissafi, kuma shi ke zuwa daga baya ya cinye ukun. Jinya ke nan. Gonar da aka saya da giratuti ita ake fara jinginarwa, shanun su bi ta zuwa kasuwa, kujerar Makka kuwa a ce sai baɗi in rai ya kai.

Ra'ayina shi ne, duk wanda aikinsa ya rage shekara biyar ko ƙasa da haka, ya san wa zai biya masa kuɗin asibiti tun kafin ya yi cinikin kwanon rufi. Kuma in ya tashi zaɓen inshorar lafiya, kada arha ta ja shi, kada sunan kamfani ya burge shi. Ya tsaya a ƙofar gidan da zai tsufa a ciki, ya auna hanyar da ke tsakaninsa da asibitin da zai karɓi katin. Daga nan zaɓen ke farawa.

Ƙa'idar aikin gwamnati ta ce shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, wadda duk ta riga zuwa. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65 ko 40. Ko wanne aka bi, lokacin ya yi daidai da shekarun da jiki ke fara karɓar bashinsa. Hawan jini, wanda ake ƙiyasin yana jikin kusan mutum ɗaya cikin manya uku a ƙasar nan, ciwon suga, yanar ido, ciwon gwiwa, da riƙewar fitsarin nan da dattawa ke jin kunyar faɗa har sai an kai ga sa roba. Ba irin zazzaɓin damina ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe. Ciwo ne mai zama da mutum, mai neman kuɗi duk wata, a daidai lokacin da kuɗin wata ya ragu.

An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, amma sai 2005 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin da aka sani da NHIS. An gina shi ne a kan albashi: mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashi, ma'aikaci kashi 5, a duba shi da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, shi kuma ya biya kashi 10 na kuɗin magani. To abin da aka rataya a jikin albashi, in albashi ya faɗi ai tare za su faɗi. Haka aka yi shekara da shekaru ana tafiyar da tsarin ma'aikatan tarayya: sunanka ya fita daga takardar albashi, ba da jimawa ba ya fita daga jerin asibiti. Tsofaffin sojoji ne suka tsira, domin su suna da nasu kamfanin, DHML, da ke ci gaba da ɗaukar nauyinsu bayan sun tuɓe kaki. Wanda ya san Kontagora da barikin Nagwamatse ya san tsofaffin sojojin da ke cin wannan moriya, kuma babu mai yi musu hassada. Abin tambaya shi ne me ya hana a yi wa malami da ma'aikacin jinya da masinja irin haka.

Na taɓa raka wani dattijo da ya yi aikin tarayya har ya gama, zuwa wani asibiti da ya saba karɓar maganin hawan jini. Ya miƙa katinsa cikin 'yar ledar da yake adana shi, yaron da ke kan tebur ya duba kwamfuta, ya sake dubawa, sannan ya rage murya ya ce, "Baba, sunanka ba ya cikin jerin wannan watan."

"Ɗana, duba da kyau. Tun kana makaranta nake karɓar magani a nan."

"Na duba, Baba. Ko ka yi ritaya ne?"

Dattijon bai amsa ba. Ya mayar da katin cikin leda, ya lalubi aljihun 'yar shara, ya ƙirga abin da ke ciki, ya ware kuɗin motar komawa gida, ya sayi maganin kwana goma maimakon na wata. Yaron bai yi masa laifin komai ba, ladabi ma ya yi. Abin da ya dame ni shi ne, a duk takardun sallama da aka ba wannan bawan Allah, da walimar da aka yi masa, da agogon bango da aka ba shi kyauta, ba a samu mutum ɗaya da ya ce masa katin nan fa ya kusa mutuwa ba.

Mu kuwa ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare na karkara, da yawanmu ba mu taɓa riƙe irin wannan kati ba ma. Mun saba da kemis. Ciwo ya taso, a aiki yaro da naira ɗari biyar ya karɓo na ɗari biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun marasa lafiya yake fita kai tsaye. Da albashi ana iya lallaɓa wannan rayuwa, a ci bashi a biya ƙarshen wata. Da fansho ba ta lallaɓuwa, balle a watannin nan da ke tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko, waɗanda a jihohi da dama kan miƙe su zama shekara. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan Yuni, kamfanin magunguna na GSK ya sanar da tattara komatsansa a watan Agusta, farashin magani ya tashi bai sake sauka inda yake ba. Na ga dattijo da reza yana raba ƙwayar maganin hawan jini biyu a kan murfin kwano, rabi yau rabi gobe. Shi a ganinsa tattali yake yi. Ƙarshen irin wannan tattali shanyewar ɓarin jiki ne, kuma jinyarta ta fi kuɗin ƙwayar nesa ba kusa ba.

To ina mafita? Ƙofofi akwai su, ko da yake babu wadda aka buɗe har bango.

A watan Mayun 2022 aka sauya dokar, NHIS ta zama hukumar NHIA, aka wajabta inshorar lafiya a kan kowa, aka kuma tanadi asusu na masu rauni, wanda ya ambaci tsofaffi a cikinsu. Tun kafin nan, a ƙarshen 2020, hukumar ta fito da shirin GIFSHIP domin waɗanda ba sa kan albashin gwamnati, har da 'yan fansho. Mutum na iya shiga shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko a ƙungiyance. An fara shi a kan naira 15,000 kowane kai a shekara, ya kuma hau tun daga lokacin, kamar yadda komai ya hau. Jiharmu ta Neja tana da nata shirin adashin gata na lafiya, NiCare, da aka kafa zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello, ɗan Kontagora, kamar yadda Kano ke da KSCHMA, Kaduna ke da KADCHMA. Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta samar, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da nufin a tsayar da asibitin sha-ka-tafi guda mai aiki a kowace mazaɓa. Neja na cikin jihohi ukun da aka fara gwada shi, tare da Abiya da Osun. Amma wannan na talaka ne tilis, gurabensa ƙidayayyu ne, kuma ban ga ya dace ɗan fansho ya je yana ture gwauruwar da ba ta da kowa a layi ba. Sai na ƙarshe, kamfanoni masu zaman kansu. Takardunsu masu sheƙi ne, sai dai da yawansu suna da iyakar shekaru, suna ɗaga ƙafa ga ciwon da ka shigo da shi, asibitocinsu kuma sun taru ne a Legas da Abuja da Kaduna da Kano. Ga wanda zai tsufa a Kumbashi, wannan ƙofa kusan ado ce.

A nan ne nake ganin mutanenmu ke yin kuskuren zaɓe. Inshora hawa-hawa take aiki. Kai ne za ka zaɓi asibitin farko da za a rubuta sunanka, can za ka riƙa zuwa awon jini da karɓar magani. In abin ya fi ƙarfinsu su rubuta maka takardar turawa zuwa babban asibiti, kamfanin inshorar da ke riƙe da kai ya ba da lambar izini. Ma'aikaci yana zaune Minna ko Kontagora lokacin da ya yi rajista, sai ya zaɓi asibitin da ke bayan ofishinsa. Ya yi ritaya ya dawo gida, katin ya zauna can. Yanzu duk wata sai ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya kwana a gidan wani, ya karɓo maganin da bai kai kuɗin motar ba. Wata biyu, wata uku, ya gaji ya koma kemis, katin na cikin akwati. Kuma kowa ya san halin rashin tsaro da hanyoyinmu suke ciki a shekarun nan. Ba kowace rana ake fita ba, da magariba kuwa direba ko nawa za ka ba shi sai ya yi tunani. Wanda fitsari ya riƙe wa da ƙarfe biyun dare ba ya bukatar jin cewa katinsa na aiki a Abuja.

Saboda haka abin da zan fara tambaya, kafin farashi, shi ne sunayen asibitocin da shirin ya amince da su a ƙaramar hukumar Mariga da cikin garin Kontagora. In na ga wanda ɗan acaɓa zai iya kai ni, mu ci gaba da magana. Daga nan in bi sawun turawar: in an ɗaga ni daga nan sai Babban Asibitin Kontagora, daga can fa? Shirin jiha zai bi ni har Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Bida ko asibitin ƙwararru na IBB a Minna? In likita ya ce sai asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya, ko cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna, katin zai tsallaka iyakar jiha ko a nan zai tsaya? Mu mutanen wannan kusurwa, da muke maƙwabtaka da Kebbi da Zamfara, wannan tambaya ba ƙarama ba ce gare mu. Shirin tarayya ya fi faɗi a wannan fuska, na jiha kuma ya fi kusa da ƙauye. Wanda lafiyarsa ƙalau in ban da ɗan hawan jini, na kusa ya fi masa. Wanda ya riga ya san yana da ciwon da ke kai shi wajen ƙwararru, ya duba mai faɗin, ko da ya fi tsada. A nemi amsar a rubuce. "Ai babu matsala, Alhaji" ba amsa ba ce.

Batun iyali ma sai an zauna da alƙalami. Tsarin mata ɗaya da 'ya'ya huɗu ba da gidajenmu aka auna shi ba. Mai shekara 60 a nan yana iya kasancewa da mata biyu ko uku, manyan 'ya'ya sun haura 18 sun fita da kansu, ƙanana kuma sun fi huɗu. In kuɗin ba zai isa kowa ba, kuma da wuya ya isa, kada a bi son zuciya. Uwargidan da ta haura hamsin tana fama da suga ta fi amarya mai jini a jika bukatar katin, ko da maganar za ta jawo kwana biyu ba a ga fara'a ba. Ga 'yan uwana mata ma'aikata, malamai da ungozomomi, ki bincika ko sunanki a ƙarƙashin na maigida yake. In haka ne, ranar da ya yi ritaya ko ya riga ki gidan gaskiya, ke ma an sauke ki.

Na san abin da za a ce mini, domin ana faɗa mini a majalisa. "Malam, inshorar da in ka je sai a ba ka farasitamol a ce sauran babu, je ka saya a waje?" Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma yana da dalili. Asibitin farko ana biyansa ne kuɗi ƙayyadadde kan kowane kai duk wata, ka zo ko ba ka zo ba. A tsarin tarayya kuɗin nan ya tsaya a naira 750 sama da shekara goma, alhali farashin magani na ninkawa. Asibitin da aka ba 750 ba zai ba ka insulin da fara'a ba. An ƙara kuɗin a 2024, aka sake ƙarawa a 2025, hukumar NHIA ta kuma umarci kamfanonin inshora su riƙa ba da lambar izini cikin awa ɗaya. Ko an bi umarnin a ko'ina, wannan sai wanda ya je. Kuma babu amfanin ɓoye cewa manyan cututtuka ba a ɗauke su gaba ɗaya ba. Hoton CT da na MRI rabi aka saba biya, wankin ƙoda 'yan zagaye kaɗan ne, ciwon daji kuwa har yanzu yana tayar da gida tsaye.

Duk da haka ina nan kan bakana. Ganin likita ba tare da fargabar kuɗin kati ba, awon jini da na suga a kai a kai, kwanciya asibiti, tiyatar ƙaba ko ta mafitsara, waɗannan su ne ke karya ɗan fansho, kuma yawancinsu suna cikin abin da ake biya. Tiyata ɗaya ta isa ta mayar maka da kuɗin shekaru. Abin da ya fi wannan ma, mai kati yana zuwa asibiti da ƙafarsa tun ciwo na ƙarami. Marar kati sai an ɗauko shi a kwance.

Akwai masu ɗari-ɗari ta fuskar addini, ba kuma zan raina damuwarsu ba. Malamai sun daɗe da rarrabewa tsakanin inshorar kasuwanci, wadda da yawansu suka ƙi, da ta taimakekeniya, inda jama'a ke tara kuɗi don ɗaukar nauyin wanda lalura ta faɗa wa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta halatta ta biyun a zamanta na Jidda a 1985, a nan gida ma hukumar inshora ta NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato irin wannan inshora ta taimakekeniya, a 2013. Shirye-shiryen gwamnati na lafiya a kan tara-mu-taimaki-juna aka gina su. Ni dai yadda na ɗauke shi, adashi ne da kake zubi kana addu'ar kada kwasarka ta zo. In shekara ta ƙare ba ka kwanta ba, ka gode wa Allah, kuɗinka ya yi wa wani tiyata. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, amma ya kai masa bayanin shirin yadda yake, kada ya kai masa jita-jita.

Wasu kuma su ce ai 'ya'ya ne inshorar tsoho. Allah ya yi musu albarka, suna ƙoƙari. Amma ɗan da ke koyarwa a makarantar kuɗi a Suleja, ko yake tuƙa Keke a Kaduna, in aka bugo masa waya aka ce a kawo dubu ɗari huɗu kafin gobe, ina zai samo? Da a tashe shi da wannan waya, gara a ce masa tun yanzu ya ɗauki nauyin sabunta katin mahaifiyarsa duk shekara. Wannan zai iya, zai ma ji daɗin yi.

Lokacin shiga shi ma abin lura ne. Sabon kati ba ya fara aiki ranar da aka biya, akwai 'yan makonni ko watanni na jira, don haka a yi rajista tun albashi na shigowa, kada a bari sai an faɗa ramin da ke tsakaninsa da fansho. Ga kuma wata dabara da na koya daga wani tsohon malamin gona: ka yi rajistarka da kaka. Katin shekara-shekara ne, watan da ka shiga shi ne watan da za a nemi ka sabunta. In ka shiga a Nuwamba ko Disamba, sabuntawa za ta riƙa samunka da masara da wake da waken suya a ɗaka. In ka shiga a Agusta, za ta riƙa zuwa lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki ga na 'yan ƙwadago, sai ka ce bari zuwa wata mai zuwa, shi ke nan katin ya mutu. Shi wannan malamin gona har tumaki biyu ya ware a hannun uwargidansa, kowa a gidan ya san na kati ne, ba a taɓa su don suna ko biki. Wanda ke tsarin fanshon adashin gata, ranar da aka ba shi dunƙulallen kuɗinsa na farko ya cire na shekara uku ya ajiye gefe, kafin 'yan uwa su ji labari.

Sai dai duk wannan dabarar mutum ɗaya ce, alhali matsalar ta jama'a ce. A Ghana, inda 'yan uwanmu Hausawa suke a zangon Kumasi da Nima, dokar inshorarsu ta 2003 ta yafe wa wanda ya kai shekara 70 biyan kuɗin shekara, haka ma 'yan fanshon asusun SSNIT, ana cike gurbin da harajin kashi 2.5 da aka ɗora a kan kayayyaki. Suna da nasu matsalolin, amma sun yarda cewa wanda ya yi wa ƙasa aiki ba a sauke shi a bakin ƙofar asibiti. Mu a nan ba sai mun jira Abuja ba. Ƙungiyar malamai ta NUT, da NULGE ta ma'aikatan ƙananan hukumomi, da ƙungiyar 'yan fansho ta NUP, suna da sunayen mutanensu, suna da bakin magana da gwamnati. Su zauna da hukumar NiCare da gwamnatin Gwamna Umaru Bago a fitar da tsari na 'yan fansho a ƙungiyance, a riƙa cire ɗan abu kaɗan daga fansho duk wata da yardar mai shi, gwamnati ta ɗora nata a kai, sunan ma'aikaci ya zarce daga jerin masu albashi zuwa na 'yan fansho ba tare da ya faɗi a tsakani ba. Mun sha fita yajin aiki a kan ƙarin albashi da ƙarin girma. Shugabannin ƙungiyoyinmu na Mariga da Kontagora, ku sa wannan a ajandar taronku na gaba, ku kuma gayyaci tsofaffin da suka riga mu ajiye aiki su zo su faɗa muku da bakinsu nawa suke kashewa a kemis duk wata.